Inda Aka Hana Aruna Magana

Duk wanda ya taɓa shiga motar ma'aikata da ke tashi daga Mu'aither zuwa wata jami'a a Al Rayyan ta ƙasar Qatar ya san Aruna, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban nan mai furfura a gemu, ɗan Zangon Kumasi ta Ghana, wanda bakinsa ba ya hutawa. Idan danja ta tsayar da shi, ba ya zama yana kallon sitiyari kamar sauran direbobi. Sai ya leƙa motar da ke gefe, ya hango mutum da matarsa suna magana a bayan gilashi, nan take ya ɗauki muryar mijin, ya ɗauki ta matar, ya haɗa su faɗa a kan gishirin miya. Kafin danja ta ba da hannu ya raba auren, ya mayar da shi, har ya raɗa wa jaririn da ba a haifa ba suna. Masu jin Hausa su yi ta dariya, 'yan Nepal da 'yan Kenya su taya su ba tare da sun san abin da aka ce ba.

Ba taɓin hankali ba ne, sana'a ce ta biyo shi har Doha. Lokacin yana saurayi a unguwar Aboabo ta Kumasi akwai gidan bidiyo na wani mutum da ake kira Lado, rumfar kwano ce da bencuna da talabijin guda. Lado kan rage muryar fim, ya miƙa wa Aruna makirfo, shi kuma ya tsaya a gefe yana mayar da finafinan Indiya da na Sin zuwa Hausa. Kalma ɗaya bai sani ba a yarensu, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Abin da ya sani shi ne abin da Lado ya koya masa tun ranar farko: kada ka bar wuri ya yi sanyi. Da zarar jarumi ya yi shiru yana kallon sama, 'yan kallo za su tuna da sauro da taurin benci, gobe kuma ba za ka gan su ba. Saboda haka Aruna ya ƙware wajen cike gurbi. Ko doki ne ya tsaya a fim, sai ya nemo masa abin faɗa.

Da waya ta zo ta sa wa kowa fim a aljihu, rumfar Lado ta koma shagon shinkafa. Aruna ya koyi tuƙi, ya ja motar haya a Kumasi har bayansa ya fara ƙorafi, daga nan wani abokinsa ya samo masa hanya zuwa Qatar. Ya tafi ya bar matarsa Fausatu da 'yarsu Mufeeda.

Fausatu mace ce mai tsadar magana. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma akwai masu sayen da suka shekara suna zuwa ba su ji daga bakinta abin da ya wuce gaisuwa ba. Mutane sukan yi mamakin yadda Allah ya haɗa ta da Aruna. Amma wanda ya san gidan ya san yadda abin yake tafiya. Aruna zai kawo zance ya zagaya da shi, ya hau, ya sauka, ya kawo misalin kakansa, ita tana tsintar wake ba ta ɗago kai ba. Sai ya gaji ya nemi ruwa, sannan ta faɗi jimla ɗaya, kuma wannan jimlar ita ake yi. Ita ce ta ce a sa Mufeeda makarantar koyon aikin jinya. Ita ce ta ce ya tafi Doha, bayan ya shafe damina guda yana kawo dalilan tafiya da na zama. Aruna yana son matar nan so mai tsanani, kuma a zuciyarsa ya san hankalin gidan a bakinta yake.

A shekarar korona, wata safiya, Mufeeda ta kira shi tana kuka. Mma ta faɗi a gefen tukunyar koko, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Babu jirgi. Doha kanta a rufe take, kowa da takunkumi a fuska, ko shagon unguwa ba a shiga sai manhajar lafiya ta cikin waya ta nuna kore. Jami'a ta koma karatu daga gida, motoci suka jeru a fake suna shan rana. Aruna ya zauna a ɗakin da suke haya a Mu'aither shi da wani ɗan garinsu mai suna Mubarik, mai gadi ne a wani kanti, babu abin da zai iya yi wa matarsa sai kira. Kullum bayan la'asar ta Kumasi sai ya kira ta bidiyo, Mufeeda ta jingine wayar a jikin flas, ta gyara wa uwar zama.

Likita ya gaya wa Mufeeda cewa magana tana iya dawowa, amma sai an yi ta gwadawa tun da wuri, kuma sai mutanen gida sun yi haƙuri da ita. Mufeeda ta isar wa ubanta da saƙon kamar yadda aka ba ta. Ya ce to, in sha Allahu. Abin da ya fahimta shi ne matarsa tana bukatar wanda zai ɗebe mata kewa, kuma a wannan fagen ai babu wanda ya kai shi.

Bayan 'yan watanni harshen ya fara motsi. Wata rana ta kafe shi da ido, ta ja numfashi, ta ce, "Malam… ka…"

Sai ta tsaya. Leɓenta yana rawa, jijiyar wuyanta ta tashi, yawu ya taru a gefen bakin da ya karkace. Matar da jimlarta ɗaya take kashe zance, yau ga ta tana kokawa da kalma a gaban 'yarta.

"Na ci abinci?" Aruna ya ce da sauri. "Na ci, Mman Mufeeda, na ci har na yi ƙari. Mubarik ne ya dafa. Ke, in kin ga tuwon yaron nan, wallahi sai ki kira 'yan sanda."

Ya kama labarin tuwon Mubarik, ya yi muryar tuwon, ya yi muryar tukunyar. Fausatu ta rufe bakinta, ɓarin fuskarta mai lafiya ya yi murmushi. Ya ajiye waya yana jin ya yi aikin kirki.

Haka abin ya ci gaba. Ta ce, "Malam… ka…" ya ce, "Na yi salla? Na yi." Ta ce, "Malam… ka…" ya ce, "Na sa takunkumi? Biyu ma nake sawa." Kada a zalunci mutumin nan a ce bai damu ba. Tsoro ne yake cinsa. Ba ya iya kallon ta a cikin wannan halin, kuma ya yi imani cewa rufa mata asiri yake yi. Amma wauta ce, wauta irin ta mutum mai kirki, wadda ta fi wuyar magani domin mai ita yana ganin lada yake samu.

Mufeeda ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. "Baaba, ka bari ta ƙarasa mana."

"Ke Mufeeda, so kike in wahalar da uwarki? Tun ba a haife ki ba nake tare da ita. Kafin ta buɗe baki na san abin da za ta ce."

Da aka buɗe hanya a shekara mai zuwa, kamfani ya ba shi hutu ya je gida. Wannan hutun shi ne abin da ya fi ci masa rai yanzu. Gidan ya cika da 'yan sannu da zuwa, ya zaunar da Fausatu a kujera a baranda kamar babbar baƙuwa, ya tsaya a tsakar gida yana ba mutane labarin Doha. Ya kwaikwayi kafil ɗinsa, ubangidansa na aiki, yana cewa yalla yalla, wato maza-maza, ya kwaikwayi raƙumi, ya kwaikwayi Ba'indiyen da ke gyara musu na'urar sanyaya ɗaki. Wata safiya suna su biyu kawai, ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya, ta riƙe gam, ta fara ƙoƙarin magana. Ya dafa hannun ya ce, "In dawo da wuri? Zan dawo. A gama ƙwallon kofin duniyan nan kawai, khalas, shi ke nan na tattara." Ana cikin haka wani ya yi sallama a ƙofa, ya zare rigarsa a hankali ya fita amsawa.

Ya koma Doha. Gari ya shiga shirin gasar cin kofin duniya, aka soke hutun kowane direba, tutoci suka cika titi. A wannan lokacin ne ya haɗu da Rahmat.

Rahmat 'yar Zariya ce, ta samu tallafin karatu tana digiri na biyu a kan finafinai. Ta shiga motarsa wata rana ta ji yana aurar da wasu mutum biyu a danja, ta yi dariya har littafinta ya faɗi. Da kowa ya sauka ta tsaya.

"Baba, ina wuni. Don Allah a ina ka koyi wannan abin?"

Ya ba ta tarihin rumfar Lado tun daga kwanon rufi har benci. Idonta ya yi haske. Ta ce tana rubutu ne a kan wani tsohon fim na Jamus, wanda aka yi kusan shekara ɗari da suka wuce, tun kafin kyamara ta iya ɗaukar murya. Tana so ta nuna shi ga mutanen da suka tashi da kallon fim ta bakin mai fassara, ta ga yadda za su karɓe shi. Ƙungiyar 'yan Zango tana da ɗakin taro a saman wani shagon tela a unguwar Fereej Abdel Aziz, kuma sun yarda su ba ta aro. Mai fassara kawai ta rasa.

"Fim ɗin da ba a magana?" in ji Aruna. "Malama, ai wannan gona ce ba mai ita kika ba ni. Ki kawo shi."

Suka yi gwaji da rana a ɗakin taron, Mubarik ya rako shi. Rahmat ta kunna na'ura, hoto baƙi da fari ya hau bango. Labarin wani tsoho ne mai gyaran takalma, yana zaune da 'yarsa budurwa a ɗakin da ke ƙarƙashin wani dogon gida. Haske ta taga ɗaya yake shigowa, ƙarama, daidai ƙafafun masu wucewa a titi, duk sauran ɗakin inuwa ce. Aruna ya gyara murya ya shiga aiki. Ya raɗa wa tsohon suna Bawah, ya mai da mai gidan hayar tsohon ɗan dambe, ya ba kowane takalmi da ya wuce ta taga murya da ƙabila. Mubarik ya kwanta a benci yana riƙe ciki. Rahmat kanta sai da ta share hawaye da gefen mayafinta.

Sai aka zo wani wuri. Yarinyar ta sauko daga matakala, ta tsaya a gaban teburin ubanta. Kyamara ta matso fuskarta ta zauna a nan. Ta buɗe baki, ta rufe. Aruna bai ɓata lokaci ba, ya siranta murya ya ce, "Baaba, wallahi takalman nan naka su suka kori duk samarin unguwa."

Rahmat ta tsayar da fim.

"Baba, a nan don Allah kada ka ce komai."

"Kada in ce komai? To me kika kira ni in yi?"

"Ko'ina ka yi yadda kake so. Nan kawai nake roƙo."

Ta zauna ta yi masa bayani, kuma da ganin yadda take yi ka san abin ya daɗe a ranta. Ta ce a zamanin, idan ɗan wasa ya buɗe baki, sai a yanke hoto a sa rubutu a allo, mutane su karanta abin da ya ce. Shi wannan daraktan ya ƙi jinin haka, a fim ɗin gaba ɗaya rubutun bai taka kara ya karya ba. Bisa abin da ta karanta, a wannan wurin ma an rubuta wa yarinyar magana, doguwa, amma ya cire ta. Ya ce wa mai juya hannun kyamara ya ci gaba da juyawa har sai ya ɗaga masa hannu, sannan ya ƙi ɗagawa. 'Yan wasan suka zaci ya manta da su. Ta ce har bayan da murya ta shigo fim, waɗanda suka san aikin ba su yar da wannan ba. Duk daraktan da ya taɓa ajiye kyamara a fuskar mutum ya bar ta, bai sa kiɗa ba, bai sa wani ya yi bayani ba, ko a Kano yake, daga irin wannan gidan ya gado, ko ya sani ko bai sani ba.

"To me ta gaya wa uban?" in ji Aruna.

"Ba wanda ya sani."

"Ke ma da kike digiri a kai?"

"Ni ma."

"Kai, Turawa! To ina amfaninsa?"

"Baba, yarinyar kake ta kallo. Bari in mayar, ka kalli uban."

Ta mayar. Aruna ya harɗe hannu ya kalli uban. Tsohon ya ɗago ya ga 'yarsa. Ya ajiye guduma. Ya cire ƙananan ƙusoshin da ya riƙe a leɓensa, ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gwangwani. Ya goge hannu a rigar aikinsa, ya ɗora su a gwiwa. Daga nan bai ƙara yin komai ba. Yarinyar ta fara ta kasa, ta kalli ƙasa, ta murɗe yatsunta, ta juya kamar za ta koma sama, uban yana nan yadda yake. Bai taimake ta ba, bai kuma kau da ido ba. A ƙarshe kyamara ta koma bayanta, ana ganin ƙeyarta tana motsi alamar ta fara magana, ana ganin fuskar uban tana karɓa.

Bakin Aruna ya yi ta ƙaiƙayi. Wani abu kuma ya taɓa shi a ciki, amma ya ture shi gefe.

"A Aboabo in na yi wannan shirun, da ɓawon lemo za a jefe ni," ya ce. "Amma fim naki ne, Malama. Na ji."

Aka sa nunin ranar Juma'ar da Ghana za ta buga wasanta na ƙarshe a rukuni. Dabarar Rahmat ce, ta san mutane za su so wurin zama daga saukowa masallaci zuwa lokacin wasa. Ɗakin ya cika da direbobi da masu gadi da masu dafa abinci, rabinsu sanye da rigar ƙwallo a kan jallabiya. Wasu ba fim ya kawo su ba, sanyin ɗakin ne. Amma da Aruna ya karɓi makirfo, shekarun da suka wuce suka dawo masa a baki. Ya yi wasa kamar Lado yana tsaye a ƙofa. Har tela ya rufe shago ya hawo.

Yarinyar ta sauko daga matakala. Aruna ya sauke makirfo.

"Baba Aruna, batir ya ƙare ne?" wani ya ce daga baya. Aka yi dariya. Aruna ya jira ɓawon lemo. Dariyar ta mutu da kanta. Tsohon da ke bango yana cire ƙusoshi daga bakinsa, ɗakin ya yi tsit har ana jin hon ɗin motocin masu murna daga titi. Aruna ya juya ya kalli 'yan kallo, abin da bai taɓa samun sarari ya yi ba a duk rayuwarsa ta fassara. Manyan maza sun miƙo wuya gaba. Wani ƙaton mai gadi ya buɗe baki kaɗan, yana motsa leɓe tare da yarinyar.

Da aka kunna fitila Rahmat ta tambaye su me suke ganin yarinyar ta faɗa. Nan gardama ta kaure. Wani ya ce cewa ta yi ba ta da lafiya. Wani ya ce ƙarya ne, tafiya za ta yi ta bar shi, ai ga jakarta nan a matakala. Ƙaton mai gadin ya ce cikin sanyin murya, gafara take nema, bai kuma ƙara komai ba. Mubarik ya ce shi dai gani ya yi kamar cewa take ta gaji.

Aruna yana tsaye da makirfo a hannu yana saurare. Babu ko mutum ɗaya da ya faɗi abin da shi zai sa mata a baki. Shi da ya ɗauka ya san cikin kowace fuska, ga shi ɗaki guda ya ga abubuwan da ko kusa bai hango ba. Daga nan tunanin da ya ture ranar gwaji ya dawo, wannan karon bai turu ba. Abinci, salla, takunkumi, dawowa da wuri, duk shi ya kawo su. Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa yana neman rana ɗaya da Fausatu ta gyaɗa kai ta nuna ya canka daidai, bai samu ba. Murmushi kawai take yi ta rufe baki.

Mutane suka fara sauka za su tafi wurin kallon wasa. Rahmat ta zo tana godiya, tana cewa Baba ka gama min komai. Ya amsa mata sama-sama. Mubarik ya ce yalla mu tafi kada a cika wuri, ya ce masa ya yi gaba zai biyo. Ya zauna a benci a ɗakin da ya rage shi kaɗai, ya ciro waya.

A Kumasi rana ba ta daɗe da karkatawa ba. Mufeeda ta ɗauka tana mamakin kira kafin lokaci, ta jingine wayar a jikin flas, ta fita. Ga Fausatu. Ta rame fiye da yadda ya lura a baya, furfura ta fito ta gefen ɗankwalinta.

"Mman Mufeeda, sannu. Ya jiki?"

Daga nan ya rufe bakinsa. Ya ɗora hannu a gwiwa, ya kalle ta, bai kau da ido ba.

Ita ma ta kalle shi. Ya jira ta ja numfashi, ya jira jijiyar wuyanta ta tashi. Babu abin da ya motsa. Tana zaune ne kawai irin zaman wanda ya zo kallo yana jiran a fara. A nan ne ya gane cewa bai ma san yaushe rabon da ta gwada ba. Ta daina, kuma surutunsa bai bar shi ya lura da ranar da ta daina ba.

Ya daure. Kalmomi suka taru masa a maƙogwaro, ya haɗiye su. Murmushin da ta shirya masa ya fara gushewa. Ta matso da fuska kusa da wayar, ta ƙanƙance ido. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ta sake ƙwanƙwasawa. Sannan ta juya wajen ƙofa ta yi wani sauti mai ƙarfi, ba kalma ba.

Mufeeda ta shigo da gudu ta ɗauki wayar. "Baaba? Kana ji na? Netwok ne, hotonka ya tsaya."

"Bai tsaya ba," ya ce. "Jiran ta nake yi."

Mufeeda ta kalli uwarta, sannan ta fita da wayar tsakar gida, ta rage murya.

"Baaba, yanzu?"

"Me take so ta gaya min, Mufeeda? Ke kin sani?"

"Ban sani ba. Da safe in na gama mata wanka sai ta zauna tana gwadawa ita kaɗai. In na matso in taya ta sai ta kore ni, ta nuna waya, wai naka ne. Tun da ka koma daga hutun nan ban ƙara ji ta gwada ba. Harshen ma ya ƙara nauyi, likita ya ce lokacin da ake sa rai ya wuce." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Ba ina ɗora maka laifi ba ne, Baaba. Amma yanzu hirarka ce kawai take jira tun safe. In ka yi shiru tsorata take yi, gani take wani abu ya same ka. Don Allah ka yi mata magana."

Ta mayar da wayar jikin flas. Fausatu tana haki kaɗan, idonta yana yawo a fuskarsa yana neman abin da ya faru. Baƙin ciki ya rufe Aruna, irin wanda bai taɓa sani ba, domin babu wanda zai kama da laifi, ba annoba ba, ba kamfani ba, ba nisa ba.

"Ina nan, Mman Mufeeda," ya ce. "Lafiyata ƙalau. Tsaya ki ji abin da na yi yau."

Kafaɗarta ta sauka. Ya fara ba ta labarin fim ɗin, ya yi muryar Bawah mai gyaran takalma, ya yi ta mai gidan haya, ya yi ta takalman da ke wucewa ta taga. Ɓarin fuskarta mai lafiya ya saki, har ta yi ɗan sautin dariya. A waje gari ya ɗauki ihu, an fara wasa. Ya ci gaba har ya kawo inda yarinyar ta sauko daga matakala ta tsaya a gaban ubanta. Ya buɗe baki zai ba ta murya, ya nemi abin da zai sa mata, bai samu komai ba.

Fausatu ta jira kaɗan. Sannan ta ɗaga yatsa ta fara ƙwanƙwasa gilashin.